Makarantar da Na Kai Uwata Bayan Mun Dawo Ƙauye

Bara war haka ina tsaye a ƙofar wata makarantar 'yan mata, riƙe da fayil na roba, ban ma san ofishin da zan dosa ba. Yanzu yarinyar ta cinye zango uku a can, ta shiga SS3, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani, ko wani mai shirin kwaso iyali daga birni ya amfana. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin akwai abubuwa marasa daɗin ji da zan faɗa, kuma mutanen da ke aiki a cikinta na ga ƙoƙarinsu da idona. Sakandaren gwamnati ce ta jeka-ka-dawo, ta mata zalla, a yankin noman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure da Garun Malam.

Sana'ata gyaran injin ban ruwa da janareta. Na daɗe a cikin birnin Kano ina haya. Da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, gonarmu da ke shan ruwan Tiga ta zama ba mai kula da ita, ga mai gida ya ƙara kuɗin haya, ga kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Masu kawo mini gyara ma yawancinsu daga nan suke ɗauko injinansu. Sai na ga zaman birnin ba shi da sauran riba, muka tattaro a watan Agustan 2024. Ƙananan yaran ba su ba ni wahala ba, akwai firamare a cikin gari. Babbar ce matsalar. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Uwata nake ce mata. Shekararta goma sha biyar a lokacin, ta gama SS1 a wata makarantar kuɗi a birni, ajin kimiyya, kuma tun tana ƙarama ba ta da zance sai na zama ungozoma.

Kawuna, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya kira ni gefe ya ce, “Kai, yarinyar nan ai ta yi karatu, me ya rage?” Na ce, “Kawu, saura shekara biyu ta karɓi takarda, a yi mini haƙuri ta ƙarasa.” Ya ce Allah ya sa albarka, bai sake tayar da maganar ba.

Wuri uku na duba. Na farko makarantar kuɗi ce a bakin babban titi, an sha fenti, ga ƙofar ƙarfe, ga hotunan ɗalibai a jikin allo. Na ce a nuna mini ɗakin gwaje-gwaje, aka ce mai makulli ya yi tafiya. Na koma bayan kwana huɗu, har lokacin bai dawo ba. Abin da ya ƙarasa kore ni shi ne maganar mai makarantar, da ya rage murya ya ce in kwantar da hankalina, a wurinsu ba a faɗuwa jarrabawa, in dai an biya abin da aka yanka. Ni kuwa yarinyar da za ta riƙa karɓar haihuwa nake so in ilimantar. Takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba, ran wani za ta ci da ita wata rana.

Na biyu makarantar kwana. Na so a ce ta samu irin makarantun kimiyyar nan na jiha, waɗanda aka faro da na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, amma su da jarrabawa ake shigarsu bayan an gama JSS3, kuma mun riga mun wuce wannan gaɓar. Sauran makarantun kwanan kuma mahaifiyarta ta ce sam. Tun satar ɗaliban makarantar kwana da aka yi a Ƙanƙara a ƙarshen 2020 da ta Jangebe a farkon 2021, ta ce ba za ta iya runtsawa ba in 'yarta tana kwana a wani wuri. Ban ja da ita ba.

Saura ta uku, wadda nake magana a kanta.

Wani tsohon malamin firamare da nake yi wa gyaran inji ne ya ba ni shawarar da har yau nake gode masa. Ya ce kada in je ranar Litinin da sassafe lokacin da kowa ke nuna ƙwazo, kada kuma in sanar da zuwana. In je ranar Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bayan an dawo daga tara, in zagaya in ga aji nawa ne ke da malami a tsaye. Haka na yi. Cikin azuzuwa tara da na leƙa, bakwai da malami a ciki, ɗaya ɗaliba ce ke kwafar darasi a allo, ɗaya kuma surutu kawai ake yi. Shugabar makarantar ba ta ofis. Maigadi ya nuna mini ita can a bakin wani aji, da rajista a hannu, tana kiran suna da kanta. Na tsaya a gindin darbejiya har ta gama.

Dattijuwa ce, ba ta da yawan fara'a. Na gaishe ta, na ce, “Ranki ya daɗe, yarinya na kawo, daga birni muka dawo.” Ta karɓi fayil ɗin ta duba sakamakon SS1, inda Uwata ta zo ta uku a ajinsu. Ba ta ce komai ba. Ta yago takarda daga wani littafi, ta rubuta lissafi guda huɗu, ta miƙa wa yarinyar, ta ce ta zauna nan kan benci ta yi. Sannan ta buɗe littafin Turanci ta ce ta karanto mata sakin layi ɗaya ta faɗi ma'anarsa da Hausa. Karatun ya tafi sumul. Lissafin kuwa ɗaya ta ci cikin huɗu. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Malam, rizal ɗin nan ya fi ƙarfin yarinyar. Za mu karɓe ta, amma ka sani akwai aiki.” Na ji zafin maganar, domin shekara huɗu ina biyan kuɗin makaranta ina alfahari da wannan takarda. Amma a ranar na yanke shawara. Tun da nake kai yaro makaranta, ba a taɓa gaya mini gaskiya a kan ɗana tun kafin in biya ko sisi ba sai a wannan ofishin.

Maganar takardu ita ce ta fi cin rai, kuma nan nake so mai karatu ya buɗe kunne. An nemi takardar canjin makaranta daga inda ta baro, da sakamakon BECE, wato jarrabawar kammala JSS3, da katin sakamakon zango uku na SS1, da takardar haihuwa, da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, da hotuna. Da yake daga makarantar kuɗi za ta koma ta gwamnati, sai da na je ofishin ilimi na shiyya aka sa hannu. Tsohuwar makarantar ta riƙe takardar canjin har sai da na biya wani ragowar kuɗi da ban san da shi ba, na yi sawu uku zuwa birni. Kada wanda ya raina katin SS1 ɗin nan. Makarantu suna tura makin aikin aji na shekarun baya ga hukumar jarrabawa, yaron da ya zo ba tarihi kuwa shi ke shan wahala idan rajista ta zo.

Malamin da ke kula da jarrabawa ne ya gano wani abin da ni ban taɓa lura da shi ba. A takardar BECE sunana ne a bayan nata, a NIN kuma sunan kakanta aka sa, ga watan haihuwa ya sha bamban. Ya ce in gyara tun yanzu, domin tun 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma abin da ke jikin NIN ɗin shi za ta ɗauka. Wata biyu na yi ina bin gyaran nan. Da sai a SS3 aka gano, ban san yadda za mu yi ba. Sati uku da buɗe makaranta kafin Uwata ta zauna a aji, kuma duk jinkirin daga wajen takardu ne. Wanda zai tashi, ya karɓi takardunsa tun kafin ya ɗaure kaya.

Yanzu ga makarantar kanta.

Daga ƙofar gidanmu kilomita shida ne, na auna da babur. Mu huɗu masu 'ya'ya a can muka haɗu muka yi jinga da wani mai adaidaita sahu ɗan garinmu, yana kai su yana ɗauko su, muna biyansa duk ranar Juma'a. Ba a karɓar kuɗin makaranta, gaskiya ne, amma wannan kuɗin motar shi ne kuɗin makarantar, kuma ya fi yunifom da littattafai da kuɗin PTA in an haɗa su. Na san gidaje biyu da suka cire 'ya'yansu saboda shi kaɗai. Da damina kuma akwai wani kwari da ke cika, adaidaita ba ya wucewa, sai in ɗauke ta a babur mu zagaya ta kan gadar kanal.

Ajinsu na ƙirga da kaina ranar da na kai mata maganin zazzaɓi: su saba'in da uku. Benci ɗaya mutum huɗu, na baya kuma a kan tabarma da buhu. Wadda ta makara ita ce a ƙasa. Akwai sabon gini mai aji uku da aka rubuta AGILE a jikinsa, shirin nan na Bankin Duniya na karatun 'yan mata, wanda Kano na cikin jihohin da aka fara da su. Can aka sa 'yan SS3, can ne kuma ake da kujeru isassu, don haka bana Uwata ta samu wurin zama nata. Tsofaffin azuzuwan kuwa silin ya zazzago, wani ma ana hango sama ta kwanon. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, muna fatan aikin ya iso kan waɗannan azuzuwan.

Ruwa akwai tuƙa-tuƙa guda ɗaya, kuma tana aiki. Banɗaki ne abin takaici. Ƙofa huɗu ne ga ɗaruruwan 'yan mata, biyu ma ba su da marfi. Ni ban kawo wannan a lissafi ba sai da mahaifiyarta ta ankarar da ni cewa akwai kwanakin da 'yan mata ke ƙin zuwa makaranta a kowane wata, kuma dalilin ke nan. Na kai maganar taron iyaye, da nauyin baki, sai ga shi kowa ya san da ita, ba dai wanda ya iya furtawa. An sa marfin yanzu. Katanga kuma ta faɗi ta gabas tun wata damina, awaki na shiga, masu zuwa gona ma ta nan suke yanke hanya. A makarantar 'yan mata wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne abin da ya fi damuna har gobe.

Malamin Lissafi shi ne dukiyar makarantar nan. Mutum ne siriri mai tsohon keke, daga wani ƙauye yake zuwa, kuma ban taɓa jin an ce bai zo ba. Na ɗauki littafin aikin Uwata na zangon farko na buɗe shafi-shafi. Babu shafin da jan biro bai taɓa ba. Inda ta ɓata, ba ya tsayawa kan kuros kawai, sai ya ja layi a daidai matakin da ta kauce, ya rubuta gyaran a gefe da ƙananan haruffa, wani wurin har da Hausa: “a nan kika manta alamar ragewa.” Yara saba'in da uku a aji ɗaya, kuma ba ajinsu kaɗai yake koyarwa ba. Na rasa lokacin da yake barci. Ranar Asabar da safe yana zama a gindin darbejiyar nan da duk wadda ta ga dama ta zo, ba ya karɓar ko kwabo. Ya mayar da Uwata baya har kan lissafin JSS2, abin da ya sa ta kuka a satin farko don kunya, ya bi da ita a hankali har ta kamo 'yan ajin. Da na kai masa kwandon tumatir lokacin kaka, sai ya ce, “Malam, ai da ka bar shi, aikina ne.” Da ƙyar ya karɓa, daga baya na ji ya raba wa sauran malamai.

Malamar Bayoloji ma ba laifi, tana sa su zana komai da hannunsu, kuma ita ce ta zaunar da Uwata ta bayyana mata cewa makarantar ungozoma da ta aikin jinya suna neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Turanci kuwa da sauƙi-sauƙi. Malamin yana zuwa, amma yawancin bayanin da Hausa ake yi, har a darasin Turancin. Na fahimci dalili, domin yara da yawa sun taso daga firamaren da ba su iya haɗa jimla ba, amma takardar NECO, jarrabawar kammala sakandare, ba da Hausa za ta zo ba. A nan Uwata ta ɗan ja baya a kan yadda ta zo, shi ya sa na sa ta riƙa karanta mini labarai da Turanci daga waya bayan sallar isha'i, tana fassara mini.

Inda makarantar ta gaza ƙwarai shi ne Fiziks. Wani ɗan bautar ƙasa ne ke koyarwa, yaro mai kirki, amma shekararsa ɗaya ta cika ya tafi, ba a turo wani ba. Zango guda cur aka yi ba Fiziks, ana rubuta shi a jadawali, lokacinsa ya zo yara su yi ta hira. Sai da mu iyayen 'yan ajin kimiyya muka yi karo-karo muka ɗauko wani matashi mai digiri da ke zaune a gari ba aiki, yana zuwa sau biyu a sati. Hajiya ta rubuta takarda ofishin shiyya ta nuna mana kwafin, ba ta ɓoye mana komai ba, amma har yau shiru. Kemistiri akwai malami, kayan aiki ne babu. Gwajin nan da ake ɗiga ruwan asid daga dogon bututun gilashi har launi ya sauya, wanda ke fitowa a firaktikal, sau ɗaya aka nuna musu a shekara, da bututu ɗaya, malami na yi suna kallo daga nesa. Uwata ta ce ita launin ma ba ta gani ba, ta dai ji ana cewa ya sauya.

Akwai ɗakin kwamfuta mai na'ura 'yan ƙalilan, na tarar da shi a rufe saboda janareta ya mutu. Wannan kam fagena ne. Na kwance shi na ga kabireta ce ta toshe da dattin tsohon mai, na wanke, na sauya fulogi, ya tashi. Yanzu ana kunna shi ranar Alhamis in an samu kuɗin mai. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB gaba ɗaya, kuma akwai 'yan SS3 a nan da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ni dai na fara kai tawa wani kafe a Kura duk bayan sati biyu.

Abin da ban zata ba shi ne yadda ake bin sawun yara. A wannan yanki, idan tumatir ya nuna aka buɗe kasuwar Kwanar Gafan, ko lokacin dashen shinkafa, ko ranar kasuwa, aji kan rage sosai, wasu na gona, wasu na talla, wasu na taya iyaye turara shinkafa. Hajiya ba ta zagin kowa a kan haka, ta san halin da ake ciki. Amma duk wadda ta yi kwana uku ba a gan ta ba, sai an aika gidansu, in abin ya ƙi a gaya wa mai unguwa. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Uwata, a rana ta uku malamar ajinsu ta kira ni a waya ta ce, “Baban yarinya, lafiya ba mu gan ta ba?” A birni ba a taɓa kirana ba sai in kuɗin zango ya makara.

Sau ɗaya raina ya ɓaci sosai. Ruwa ya tsare su a hanya suka makara, wani malami ya zane su a bakin ƙofa ba tare da ya tambayi dalili ba, ta dawo da shaida a hannu. Na je washegari. Hajiya ta saurare ni har na gama, ta kira malamin ta yi masa magana a gabana cikin mutunci, ta ce daga ranar duk safiyar da aka yi ruwa ba a dukan 'yan nesa. An kiyaye hakan. Bulalar makara dai tana nan sauran ranaku.

Ita kanta yarinyar ta sha wuya a zangon farko. Ana ce mata 'yar birni, in ta amsa tambaya da Turanci a yi mata dariya, ta daina ɗaga hannu, ta daina cin abincin tara. Wata rana na same ta a zaure da yunifom tana hawaye, ta ce, “Baba, don Allah ka mayar da ni wajen Gwaggo a birni.” Na ce ta ba ni zango ɗaya, in ba ta sake ba zan mayar da ita da kaina. Abin da ya warware shi zaman Asabar ɗin nan ne. Wata yarinya mai kaifin lissafi ta riƙa taya ta, ita kuma tana taya ta Turanci, yanzu kullum tare suke, har gidansu mun saba.

A ƙarshen SS2 sun rubuta kwalifayin, jarrabawar da jihar Kano ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO da ita. Muna jiran sakamako. Na fara ajiye kuɗi daga cinikin shinkafar bana ko da ba ta samu ba, domin Fiziks ɗin nan bai ba ni kwanciyar hankali ba.

Idan 'yarka ajin adabi ko na kasuwanci take, kuma kana da halin kuɗin mota, zan ce ka kai ta irin wannan makaranta ba tare da fargaba ba, musamman in ka samu shugaba mai riƙe rajista da hannunta. Idan kimiyya take so kamar tawa, ka kai ta, amma ka shiga da sanin cewa Fiziks da firaktikal a wuyanka suke, kuma ka tambayi malaman kimiyyar ɗaya bayan ɗaya: wane ne na dindindin, wane ne ɗan bautar ƙasa, yaushe zai tafi. Ni ban yi wannan tambayar ba, kuma ta ci mana zango guda.

Asabar mai zuwa akwai taron iyaye a kan katangar gabas. Na yi alkawarin bulo ɗari da ɗaukar yashi, wani ya ce zai kawo siminti buhu biyar, magini kuma ɗan garin ne, ya ce abinci kawai za a ba shi. Matashin da ke koyar da Fiziks ya sanar da mu yana neman aiki a birni, don haka maganarsa ita ce ta biyu a taron.